Kwarin gonar gado: mu cike shi ko mu bar wa ruwa wurinsa?

Dan_Auyo84:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Muna da gonar gado a ƙasar Auyo, eka tara da 'yan kai. Ta gabas jigawa ce, gero da wake da riɗi muke yi. Ta yamma kuwa sai ta gangara wani kwari da zai kai eka biyu. Zamanin kakanmu tafki ne, ruwa yana kwanciya tun tsakiyar damina har sanyi ya shigo, ana kama tarwaɗa, mata suna ciro bado. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya haƙa lambatu ya janye ruwan ya mai da wurin gona, kuma shekarun farko ya sami dawa har ana zuwa kallo. Yanzu abin ya juya. A 2020 da 2022 ko irin da muka zuba ba mu mayar ba, ruwa ya shanye komai. Shekarar da ruwan bai ci ba kuma ƙasar ta daskare kamar siminti. Yayana ya ce mu yi karo-karo mu ɗauko tifa a cike kwarin a huta. Ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da mu toshe lambatun, tafkin ya dawo yadda yake, mu riƙa noma bakinsa da rani. Ya ce wai ina so in mai da gadon marayu gidan kwaɗi. Akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan?

Sarkin_Noma_Guri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, mahaifinku bai yi laifi ba, zamaninsa ne ya zo da haka. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san lokacin da kwari ya fi tudu daraja, kowa ya bi damshi ya gangara ƙasa da garmarsa. Tafkuna da yawa a nan wajenmu a waɗannan shekaru suka zama gonaki. Da ruwan sama ya dawo sai ya tarar da mutane a ɗakinsa. Ni na bar masa nawa tun shekara goma sha, ban kuma yi da-na-sani ba.

Abu_Tifa:
Yayanka ya fi ka gaskiya. Ƙasa tsada take yi kullum, mutane ƙaruwa suke yi, kai kana maganar kyautar da eka biyu ga kwaɗi. A cike kawai.

Injiniya_Ruwa:
@Abu_Tifa da ganin sunanka mun san inda ka dosa, kasuwa kake nema. Bari mu yi lissafi a fili. Eka biyu ta haura murabba'in mita dubu takwas kaɗan. In za a ɗaga ta da rabin mita kacal, ana bukatar ƙasa kubik mita dubu huɗu. Tifar da ke ɗaukar kubik goma sai ta yi sawu ɗari huɗu. Malam Dan_Auyo, ka tambayi kuɗin sawu ɗaya a garinku ka ninka, ka kai wa Yaya takardar. Sannan ƙasar da za a kawo ba ƙasar noma ba ce, jar ƙasa ce ko yashi daga ramin da aka haƙa, sai ta shekara da shekaru tana cin taki kafin ta ba da wani abu. Na uku, wanda ya fi duka: ruwan da ke taruwa a kwarin ba ɓacewa zai yi ba. In ka hana shi nan, gonar maƙwabcinka zai shiga, ko ya hau taku jigawar. Daga nan sai gaban mai unguwa.

Abu_Tifa:
To ai ni ban ce a ba ni kwangilar ba, Injiniya. Amma lissafin ya shige ni.

Masunci_Nguru:
Ina goyon bayan a mayar da tafkin, amma zan faɗa maka abu ɗaya da ya kamata ka ji tsoro: kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa ta yi duhuwa. Mu nan mun ga abin da ta yi. Da can ruwa yana zuwa da damina ya malale fadama, ya ja da baya da rani, ƙasa ta bushe ta tsage. A kan wannan juyin komai ya ginu: shinkafa in ruwa ya zo, wake da masara da kuɓewa a damshin da ya bari, kifi a tafkunan da suka rage, shanu su zo su ci ciyawar burgu. Da aka zo ruwa yana gudana a kogi shekara zagaye saboda sakin da ake yi daga madatsu, wuraren da ba sa bushewa sai kacala ta kafu. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya bar wasu rassan ya tattaru ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Wasu garuruwan ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma suna kallon busasshen kogi. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Saboda haka in za ka dawo da tafki, dawo da irin na kakanka mai cika ya ƙafe. Kar ka yi wanda ruwa zai zauna iya gwiwa shekara duka.

Hajiya_Mai_Turara:
Allah ya saka da alheri Malam Masunci, ka manta da tsuntsayen jan-baki. A cikin kacalar suke kwana suna hayayyafa. Mu masu sayen shanshera mu muka san shekarar da suka sauka, buhu ya yi tsada kuma rabinsa ƙaiƙayi. Yara tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa, makaranta ta tashi.

Dan_Auyo84:
Wannan ita ce babbar hujjar Yaya, Hajiya. Ya ce ina kiran tsuntsu da hannuna.

Masunci_Nguru:
Eka biyu da ke bushewa kafin bazara ba za ta tara jan-baki ba. Suna son duhuwa mai faɗi wadda mutum ba ya iya kutsawa. In ka ga kacala ta fara tsirowa ka tuge ta tun tana ƙarama. In ta riga ta kafu, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, a haka take shaƙewa ta mutu. Wanda ya sare ta a sama ko ya cinna mata wuta aski kawai ya yi mata.

Bakano_Kadawa:
Na ga an fara zagaye-zagaye za a ɗora wa dam laifi kamar kullum. Ku faɗi alherinsa mana. Ba don Tiga ba da Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam ba su zama abin da suka zama ba. Tumatirin da ake lodawa kudu, da shinkafa, da alkama, da ruwan da birnin Kano ke sha, daga ina? Tun 1992 da aka gina shi mutane nawa ya ciyar?

Injiniya_Ruwa:
Gyara kaɗan, Malam Bakano. Tiga 1974 aka kammala shi, a kan kogin Kano. Na 1992 shi ne na Challawa da ke wajen Ƙaraye. Kogunan biyu su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi ya sa duk abin da aka yi a can sama mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja da Guri har Gashuwa suke jin sa a jikinsu. Ba wanda ya ce dam bai yi amfani ba. Amma binciken da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna in aka auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadamar Haɗeja da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itace ya fi abin da noman rani na sama ke bayarwa. Matsalar ita ce amfanin fadama a warwatse yake, a hannun masunci da makiyayi da mai saƙar kaba, ba ya shiga littafin kowa. Na kanal kuwa ana ganinsa a tirela.

Bakano_Kadawa:
Na karɓi gyaran shekara. Sauran maganar kuwa sai mun zauna. Masana ba su taɓa biyan kuɗin makarantar 'ya'yana ba, tumatir ya biya.

Masunci_Nguru:
Mu ma kifi ne yake biya mana, kafin ya ragu. Har yanzu kogin Jama'are ne ke rufa mana asiri, shi da ba a datse ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da zancen gina dam ɗin Kafin Zaki a kansa hankalin mutanen Yobe da Borno yake tashi.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Bawan Allah eka biyu ya kawo, kun kai mu Kafin Zaki. Mai son muhawarar dam ya buɗe nasa zancen daban.

Ardo_Jamaare:
Salamu alaikum. Ni makiyayi ne, kuma zan faɗi abin da manoma ba sa so a faɗa. Ranar da ruwa ya kwanta a gonarka a watan Janairu, shanu za su san da shi kafin maƙwabtanka su sani. Fadamun da iyayenmu ke sauka da rani yanzu duk injin ban-ruwa ne da albasa, an shuke burtali, an kewaye mashaya. Dabba mai ƙishi ba ta san iyakar gona ba. Ba barazana nake yi ba, wallahi, gaskiya nake faɗa maka don ka shirya. Tun kafin ka toshe lambatun ka je wurin mai gari, a kira arɗon yankin, a yanke ta inda dabba za ta shiga ta sha ta fita, da watan da za a buɗe. Ka bar gefe ɗaya ba shuka. Mu kuma in muka kwana a jigawarka bayan girbi, takin da za mu bar maka ya fi buhun zamani nawa.

Sarkin_Noma_Guri:
Arɗo ya yi magana. Haka muka yi da nawa. Gefen arewa na dabbobi ne, na dasa ƙaya na raba. Shekara ɗaya kawai aka sami ɓarna, wasu baƙi ne da ba su san sharaɗin ba, kuma arɗon da kansa ya sa aka biya.

Uban_Gayya:
Baba Sarkin Noma, kai Allah ya haɗa ka da na kirki. Ni ƙanina ya yi irin wannan ramin tara ruwa, ƙarshenta a ofishin 'yan sanda aka kwana. Ba zan ba kowa shawarar ya ajiye ruwa a gona ba sai in yana da kuɗin waya ya kewaye.

Malam_Na_Zaure:
Bismillah. Abu biyu. Na farko, gonar gado ce, in ba a raba ba to ba Dan_Auyo ba ne kaɗai mai magana, ba kuma yayansa ba. Akwai mata a cikin magada? Akwai ƙananan yara? Sai an ji ta bakin kowa, wanda bai balaga ba kuma a duba masa abin da ya fi maslaha. Na biyu, ya zo a hadisi cewa mutane suna tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Malamai sun yi bayani a kan bambancin ruwan da mutum ya tara da wahalarsa da wanda Allah ya kwantar, amma hana mai ƙishi sha abu ne mai nauyi. Haka kuma tura wa maƙwabci ruwa ya ci gonarsa cutarwa ce. Duk hanyar da kuka ɗauka, cikewa ko tarawa, ku duba waɗannan.

Dan_Auyo84:
Allah ya gafarta Malam, mu bakwai ne, mata uku. Kuma gaskiya ba wanda ya tambaye su. Na ji kunya da ka faɗa.

Hajiya_Mai_Turara:
Ka tambaye su ka sha mamaki. Mata su suka san abin da tafki yake bayarwa. Mu da muka taso a bakin fadama, kuɗin sabulu da na anko daga nan suke fita: bado, zogale da yakuwa a bakin ruwa, kabar saƙa, ɗan kifin da yara suka kamo a yi miya. Maza buhu kawai suke ƙirgawa.

Dan_Maradi_Tasha:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan ruwa bai ishe mu ba balle mu kore shi, shi ya sa tambayar ta ba ni mamaki. Wurinmu aikin shi ne a tsaida ruwa inda ya faɗi. Ana haƙa rami mai siffar rabin wata a fako, bakin shina kallon tudu, ruwa ya taru ciki ya nutse. Ana yin tassa, 'yan ramu da taki a ciki. Ana jera duwatsu a gicciye. Ƙasar da ko ciyawa ba ta fitowa sai ka ga ta ba da hatsi. Kuma mun ga mi ke faruwa ga gulbi in aka datse shi a sama, tun da aka yi dam na Jibiya ruwan Gulbin Maraɗi ba kamar da ba ne. Wanda duk ke da tabki cikin gonarshi a nan, ko na wata ukku ne, mai arziki ne. Ku je Madarunfa ku ga abin da mutane ke ci a bakin tabki. Shawarata ga ɗan'uwa: ka fara daga tudu. In jigawarka tana zubo da yashi, shekara kaɗan tabkin zai cike da kanshi, Yayanka ya samu abin da yake so ba tare da tifa ba.

Injiniya_Ruwa:
Wannan magana ta Maraɗi ita ce rabin aikin. Bari in ƙara abin da na sani, Malam Dan_Auyo, tunda na ga da gaske kake.

Kar ka kawo katafila ta yi ta haƙa. Abin da ke riƙe ruwa a kwarin nan shimfiɗar laka ce, kuma a ƙasarku ƙarƙashinta yashi ne. In aka huda lakar, ka yi kwando. Ka fara haƙa ɗan rami da hannu a wuri biyu ko uku ka ga kaurinta.

Lambatun kuma ba toshe shi za ka yi ɗungurungum ba. Ka yi masa 'yar ƙofa, ko da ta katako ce da ake zarewa, da wata mafita a sama yadda in ruwa ya kai wani matsayi zai wuce da kansa ta tsohuwar hanyarsa. Ta haka kai ke da iko: ka riƙe shi bayan damina, ka sake shi in kana so gindin ya bushe saboda kacala. Baki ya zama mai gangare a hankali, kar ya zama gaɓa. Gangaren nan shi ne gonarka ta rani, ruwa na ja kana bin sa da shuka.

Tsakanin jigawa da tafkin ka bar ɗamarar ciyawa, jema ko gamba, ta tace yashi da takin zamani. Taki in ya gangara ruwa shi ke ciyar da kacala da gansakuka. Maganin feshi kuma ya kashe kifin da kake fata. Bishiyar turare kar ta kusanci wurin, shan ruwanta ya yi yawa. Giyayya ko goruba sun fi dacewa.

Ribar da ba ka gani da ido ita ce ta ƙasa. Ruwan da ya kwanta yana tsatsafowa ya ɗaga na rijiya. Tun shirin Fadama na farko a shekarun 1990 aka cika fadamu da 'yan rijiyoyin burtsatse da injuna, kowa na zuƙa, ba mai tambayar wa ke mayarwa. Ambaliyar damina ce ke mayarwa.

Amma kar in yaudare ka: eka biyu ba za ta hana irin ruwan 2022 ba. Wannan kogi ne ya fasa. Abin da za ta yi maka shi ne ka daina zuba iri da taki inda ka san ruwa zai ci.

Nas_Hadiza:
Ba na son in ɓata muku hira amma dole in faɗa. Ruwan kwance yana zuwa da sauro, yana kuma zuwa da tsargiya. Yaran da ke wanka a tafki su muke gani da fitsarin jini, har wasu iyayen suna ɗauka alamar balaga ce. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi take girma, kuma tana shiga ruwan ne in mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ciki. Akwai magani, praziquantel, ana rabawa a makarantu, amma yaro na komawa ruwan zai sake ɗauka. Nisan gonar da gari nawa ne? Sannan yara suna nutsewa a irin waɗannan wurare, musamman ramin da aka haƙa mai gaɓa.

Dan_Auyo84:
Tafiyar kusan minti arba'in ce a ƙafa, Malama. Yara ba sa zuwa sai da manya.

Nas_Hadiza:
To da sauƙi. Bushewar da Malam Masunci ya faɗa ma tana rage dodon-koɗin. A dai hana wanka da fitsari a ciki.

Bature_Baki:
Ni duk wannan zancen kare dausayi ban yarda da shi ba. Turawa ne ke son tsuntsayensu su sami wurin hutawa in sanyi ya kore su, sai su zo su ce mana kar mu noma ƙasarmu. Har mijin Sarauniyar Ingila ya zo Dagona kallon agwagi a 1989. Talaka na fama da yunwa ana lissafin tsuntsu.

Masunci_Nguru:
Zuwansa gaskiya ne, tsuntsayen ma gaskiya ne, suna tahowa daga Turai kowace shekara. Tafkin Nguru da Marma shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, daga baya Baturiya da Dagona suka shiga a 2008. Amma ɗan'uwa, kakana bai san Ramsar ba, ya san dinya da kirinjijiya da zalɓe. In ya ga sun yi yawa ya san akwai kifi. Inda tsuntsu ya gudu mu ma yunwa ce ke bi. Kuma shi Dan_Auyo ba Bature ne ya aiko shi ba, asarar iri ce ta ishe shi.

Bature_Baki:
To in don cikinsa zai yi, ba ni da ja. In don a ɗauki hoto ne a kai taro Abuja, a kai kasuwa.

Alhaji_Marwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Abin da kuke tattaunawa an yi shi a nan da girma. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwa a gefen kogin Logon saboda noman shinkafa. Ruwan da ke malala cikin yayre, wato fadamar kogin, ya ragu ƙwarai, ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ja baya, makiyaya suka watse, har namun dajin Waza abin ya taɓa. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe. Ciyawar ta dawo a hankali, masunta da shanu kuwa da gudu suka dawo. Nan ne darasin yake: suka yi yawa, kowa na haƙa tasa hanyar kama kifi, rigima ta tashi a kan wa ke da wane wuri. Dawo da ruwa ya fi sauƙi a kan raba shi. Maganar Arɗo ku riƙe ta.

Dalibi_Holan:
Ina karatu a Holan, ƙasar da ta fi kowa gwanintar korar ruwa daga gona. Su ma sun sauya tunani. A 1995 ruwa ya kusa fasa ganuwa har aka kwashe mutum kusan dubu 250. Bayan nan suka fito da shirin ba kogi fili: a Nijmegen an ja ganuwa baya da mita 350, a wasu wuraren an mayar da gonaki inda ruwa zai iya shiga in ya cika, aka sake gina wa manoma gidaje da garken shanu a kan tudun da aka tara. Bambancin shi ne an biya su diyya. A Amurka ma gwamnati na biyan manomi ya mayar da gonar da aka busar ta koma dausayi. Mu wa zai biya Dan_Auyo?

Uban_Gayya:
Tambayar ke nan. Kowa zai amfana da rijiya ta ɗago, shi kaɗai zai rasa eka biyu.

Injiniya_Ruwa:
Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin arewa 19 da Abuja a kan gyaran ƙasa da ruwa. Ba laifi ya leƙa ofishinsu na jiha ya tambaya, musamman in sun haɗu da maƙwabta a ƙungiyance. Amma kar ya jingina aikinsa da wannan.

Sarkin_Noma_Guri:
Kar ya jira kowa. Mu wasu sun taɓa zuwa da mota suka rubuta sunayenmu suka ɗauki hoton tafkin, har yau ko goro. Kuma Uban_Gayya, ka daina cewa ya rasa eka biyu. Eka biyun da ke cin iri ai ta riga ta ɓata. Ni abin da nake yi: in ruwa ya fara taruwa na yafa shinkafa a gefe inda bai yi zurfi ba, irin tamu ta gida mai tsawo da ke bin ruwa. Tsakiya na bar wa kifi, tarwaɗa da karfasa da kansu suke shigowa in ruwa ya haɗe. In ya fara ja, wake da kuɓewa da kankana a damshi, ba inji ba fetur. Wajen Maris na kira masu koma mu raba. Abin da ya rage shanu su kiwace. Girbi huɗu a wuri ɗaya. Mutanen Borno ma ai haka suke yi da masakwa, dawar rani, a laƙar firgi, har kunya suke ɗagawa don ruwa ya daɗe. Wahalarsa dai tsaro, don ɓarawon kifi da dare yake zuwa.

Abu_Tifa:
Baba ka sa ni ma ina tunanin kwarin gidanmu.

Yar_Birni_Kano:
Ni ba manomiya ba ce, amma ku zo birni ku ga ƙarshen cike-cike. Kududdufan da muka taso muna gani a unguwanni an cike su da shara an yi gini a kai. Yanzu ruwan awa biyu sai ya shigo mana ɗaki. Wanda ya cike ya sayar ya tafi, mu muke kwashe ruwa da bokiti.

Bakano_Kadawa:
Wannan kam gaskiya ne, ko ni mai kare dam na yarda.

Dan_Auyo84:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya na karanta wa Yaya lissafin tifa, ya yi shiru, sannan ya ce to a bar cikewa amma a ƙara zurfin lambatun. Ka ga har yanzu ba mu haɗu ba. Na kira 'yan'uwana mata. Biyu sun ce tafki, babbar ta ce ita a raba gonar kowa ya san nasa, wanda kuma sabuwar magana ce da ban shirya mata ba. Abin da muka tsayar yanzu: bana ba za mu shuka dawa a kwarin ba. Zan kafa turaku in riƙa sa alamar inda ruwa ya kai kowane mako da ranar da ya ƙafe, in haƙa ramukan gwajin laka kamar yadda Injiniya ya ce. Maganar mai gari da arɗo sai bayan mun daidaita a gida.

Malam_Na_Zaure:
In za a raba, a yi da wanda ya san rabon gado, kuma a yi wa kwarin kima daban da jigawa. Kar a ba mata kwari a ce an ba su eka daidai.

Hajiya_Mai_Turara:
Ko kuma a ba su ɗin, Malam, shekara uku mazan su dawo suna roƙon musaya.

Ardo_Jamaare:
Lambatun da Yayanka ke so a zurfafa, ina yake zubarwa? Gonar wa ke ƙasa da ku?

Dan_Auyo84:
Ta wani ƙanin mahaifinmu ce, Arɗo. Shi ma shinkafarsa ruwa ya ci a 2022, kuma tun lokacin gaisuwarmu da shi sama-sama ce. Baba Sarkin Noma, irin shinkafar nan mai bin ruwa, a kasuwar Haɗeja zan samu ko sai na zo Guri?

Sarkin_Noma_Guri:
Ka zo bayan sallar Juma'a, zan auna maka tiya biyu. Ka taho da baffan naka in zai yarda.